Liyafar Dare Mai Wasa a Orlando: Ta Dace da Iyalinku, Ko a Nemi Wata Hanya?

Iyalin da Allah ya hore wa zuwa hutu Orlando, a jihar Florida ta Amurka, sukan gama da kuɗin jirgi da masauki da tikitin shiga filayen wasa, sai wata tambaya ta taso daga baya: a ware dare guda a kai yara irin liyafar nan da ake cin abinci ana kallon wasa, ko a bar kuɗin a aljihu? Waɗanda suka taɓa zuwa sukan yabe ta ƙwarai, musamman wadda ake kira Hoop-Dee-Doo Musical Revue a masaukin Fort Wilderness na Walt Disney World. Yabon nasu ba ƙarya ba ne. Sai dai yawancinsu Amurkawa ne da suka tashi cikin irin wannan barkwanci, suna cin duk abin da aka ajiye a teburi, suna shan duk abin da aka zuba a kofi. Iyalin da suka taso daga Kano ko Maraɗi, ko Hausawa mazauna Amurka da suka ɗebo yara lokacin hutun makaranta, lissafinsu daban ne, domin kuɗi ɗaya ake biya na abinci da abin sha da kallo, kuma ba duka ukun za su mora ba.

Walt Disney World ya buɗe a watan Oktoba na 1971, Fort Wilderness ya biyo baya a watan Nuwamba na shekarar. Masauki ne na cikin daji, fili mai faɗin eka 750, inda mutane ke kafa tanti ko su zo da motocin kwana ko su kama ƙananan gidaje. A can ƙarshensa, kusa da bakin tafkin Bay Lake, akwai zauren Pioneer Hall da aka gina da gungumen itacen da aka kwaso daga jihar Montana. A nan aka fara Hoop-Dee-Doo a bazarar 1974, da ɗaliban jami'a aka soma a matsayin gwaji, mutane suka karɓe shi hannu bibbiyu, aka mai da shi na dindindin. Annobar korona ta rufe shi a watan Maris na 2020, ya dawo a watan Yuni na 2022. Sauran takwarorinsa na cikin Disney ba su yi wannan sa'a ba. Mickey's Backyard BBQ ya tsaya a ƙarshen 2018, Spirit of Aloha na masaukin Polynesian kuwa tun da aka rufe shi a 2020 bai sake buɗewa ba, an ma gina dogon bene a wurin. Saboda haka wanda ya ci karo da tsohon bayani yana yaba waɗannan biyun, kada ya wahalar da kansa neman tikiti.

Wasan kansa mutum shida ne, maza uku mata uku, cikin shigar mutanen yammacin Amurka na ƙarni na 19, da mai kaɗa piyano da mai kaɗa banjo. Suna waƙa, suna rawa, suna zolayar juna, suna sauka daga dandamali su ratsa tsakanin tebura suna tambayar mutane daga ina suka zo. Wajen ƙarshe sukan jawo 'yan kallo su hau dandamali a yi wani ɗan wasan kwaikwayo da su, sannan a raba wa jama'a allon wanki na ƙarfe da cokali kowa ya yi ta gogawa, ana kaɗa ƙyallen goge hannu a sama. Zauren yakan ɗauki hayaniya sosai. Duka-duka kusan awa biyu ne. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba sai sun shiga shi ne babu Mickey a ciki, babu Donald, babu ko ɗaya daga cikin 'yan tsanan da yaro ya sani a talabijin. Yaron da aka yi wa alkawarin zai ci abinci da Mickey, ba wannan zauren za a kai shi ba.

Kuɗin da abin da ke cikinsa

Lokacin da aka sake buɗewa a 2022, babba yana biyan dala 66 zuwa 74, yaro ɗan shekara 3 zuwa 9 yana biyan dala 39 zuwa 44, gwargwadon inda teburin yake. A duba farashin yau kafin a yanke shawara, don farashin Disney ba ya zama wuri ɗaya. Wurin zama aji uku ne: na ɗaya a ƙasa kusa da dandamali, na biyu a bayan zauren ko tsakiyar bene, na uku a gefe da gefen bene. Benen da matakala ake hawa, wanda duk zai zo da kaka mai ciwon gwiwa ya nemi ƙasa.

Ƙa'idar da ke cin aljihun gidan da ke da yara da yawa ita ce a wurin Disney ɗan shekara 10 babba ne. Mu ɗauki maigida da uwargida da yara huɗu, 'yan shekara 13 da 11 da 7 da 2. A wancan farashi, manya huɗu ke nan da yaro ɗaya, autan kuma kyauta. A aji na ɗaya dala 340, a aji na uku dala 303. Kun ga ratar ba ta kai dala 40 ba, don haka in har za a je, gara a zauna ƙasa inda 'yan wasan ke ratsawa, maimakon a gefen bene inda sai an juya kujera kafin a ga dandamali. Abu guda mai kyau a nan shi ne haraji da tukuicin ma'aikata duk suna cikin kuɗin, kuma ba a buƙatar tikitin shiga wani filin wasa, tikitin da shi kaɗai ya haura dala 100 ga mutum ɗaya a rana.

To me ake ci? Ana fara kawo burodin masara da ganye, sannan a dire bokitan ƙarfe cike da soyayyar kaza da gasasshen haƙarƙarin alade, da wake, da kirɓaɓɓen dankalin Turawa, da makaroni mai cuku, a rufe da kek mai sitiroberi. Ko nawa aka cinye za a ƙaro. Wanda ya kai shekara 21 kuma ana zuba masa giya iri-iri ba tare da ƙarin kuɗi ba.

A nan ne ya kamata maigida ya tsaya ya yi tunani da kyau. Nama biyu ne ginshiƙin teburin, ɗaya haramun ne ga Musulmi ba tare da wata jayayya ba. Waken ma kada a ɗauka na ganye ne zalla, domin a irin wannan girki na Amurka an saba jefa naman alade a cikin wake, sai an tambaya. Kazar kuwa ba yankan Musulmi ba ce. Akwai gidajen da suke cin kazar kasuwar Amurka bisa fahimtar da suka samu daga malamansu, akwai waɗanda ba sa taɓawa sai mai shaidar halal, kowa ya san matsayin gidansa tun kafin ya baro gida. Ga gidan farko, akwai abin ci har a ƙoshi: kaza, dankali, makaroni, burodi, kek, kuma ana iya cewa kada a ɗora bokitin haƙarƙarin a teburin ma sam. Ga gida na biyu, abin da ya rage shi ne abincin da ba nama, wanda zauren yake tanada in an nema, ko kuma a tuntuɓi Disney tun da wuri, domin suna karɓar buƙatar abincin halal a wasu gidajen abincinsu idan an sanar da su kafin ranar. A yi wannan tambaya kafin a biya, a samu amsa a kan wannan zauren takamaimai. Gaskiya dai ma'aikatan Disney ba sa wasa da maganar abin da mutum ba ya ci, mai dafa abinci kan fito da kansa ya yi bayani idan an nema. Amma ko da an yi muku duk wannan, kuɗin bai ragu da sisi ba. Kun biya na haƙarƙari da na giya kamar kowa.

Maganar giya tana da wani gefen. Kowane iyali da teburinsu, ba a haɗa ku da baƙi, saboda haka teburinku zai zama na lemo da shayi mai ƙanƙara da ruwa. Maƙwabtanku dai za su sha. Ba wurin maye ba ne, zaure ne cike da yara da kakanni, amma wanda zuciyarsa ba ta natsu da zama a zauren da ake zagayawa da giya ba, ya san haka abin yake. Haka nan gidan da ba sa sauraren kiɗa, wannan wasa daga farkonsa har ƙarshensa kiɗa ne da waƙa.

Sai harshe, wanda a ganina ya fi abinci yanke hukunci ga yara. Rabin dariyar Hoop-Dee-Doo wasa da kalmomi ne cikin Turancin Amurka, ana faɗa da sauri, da karin harshen mutanen karkara. Akwai dogon barkwanci da aka gina kan kalma ɗaya mai ma'ana biyu, ana ta juya ta har zaure ya kece da dariya. Yaron da ya tashi a Amurka ko yake jin Turanci sosai zai yi dariya har da hawaye. Yaron da Turancinsa na aji ne, ko Faransanci ya yi a makaranta, zai ji daɗin tsalle-tsalle da faɗuwa da goga allon wanki, amma zai riƙa waiwayo yana tambayar me aka ce. Hajiya babba kuwa da ba ta jin Turanci, za ta zauna awa biyu cikin hayaniyar da ba ta san kanta ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan ita ma dala 70 aka biya mata.

Hanya da lokaci

Zuwa Pioneer Hall aiki ne. Ba a ajiye mota kusa da zauren. Mai mota ko mai tasi a bakin ƙofar masaukin zai tsaya, sannan a shiga bas ɗin cikin gida da ke ratsa dajin har can ƙarshe. Hanya mafi daɗi ita ce jirgin ruwa daga bakin filin wasa na Magic Kingdom, wanda ke sauke mutane 'yan taku kaɗan daga zauren, kuma yara suna son sa. Sai dai daga watan Yuni zuwa Satumba hadari kan taso a Orlando da yamma kusan kullum, kuma da an fara walƙiya ake tsai da jiragen. Wanda zai taso daga wani masaukin Disney daban, sai ya haɗa abin hawa biyu ko uku. A ware awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi na zuwa, a ƙara da isa wurin da wuri don karɓar teburi, da awa biyu na wasa, da dawowa. Maraice guda ya tafi ɗungurungum.

Wannan ne ya sa tsawon hutun yake da muhimmanci. Disney World filaye huɗu ne: Magic Kingdom da Epcot da Hollywood Studios da Animal Kingdom. Iyalin da kwana huɗu kawai suke da shi, kowace rana da tikitinta mai tsada, idan suka fice daga fili da ƙarfe uku don zuwa liyafa sun yi asara sau biyu: sun bar sa'o'in da suka riga suka biya, sun kuma rasa wasan wuta na dare wanda yake cikin kuɗin tikitin. Amma iyalin da za su yi mako guda ko fiye, dole suna buƙatar ranar hutawa a tsakiya, ranar da ba a sayi tikiti ba, ƙafafu su huta, a yi wanki, yara su yi iyo. A irin wannan rana liyafar takan zauna daram, don ita ce za ta ba ranar armashi.

Ana yin wasan sau uku, ƙarfe 4:00 da 6:15 da 8:30. Wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar ya tuna Orlando tana bayanmu da awa biyar lokacin bazararsu, awa shida lokacin sanyi. Wasan 8:30 na dare a watan Yuli, ƙarfe ɗaya da rabi ne na dare a jikin yaron da ya sauka shekaranjiya, zai ƙare wajen uku da rabi. Barci zai yi a kan teburi. Idan a farkon tafiya ne, na ƙarfe huɗu shi ne na yara ƙanana.

Salla ma tana da lissafinta. A watan Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa a Orlando sai kusan takwas da rabi, don haka na ƙarfe huɗu da na shida da kwata duk suna ƙarewa kafin magariba, na ƙarshen ne yake faɗawa daidai kanta. A watan Disamba kuwa wajen biyar da rabi take faɗuwa, sai na shida da kwata ya fi sauƙi, a yi salla a natse sannan a shiga. Fort Wilderness daji ne mai fili, samun gefen da za a shimfiɗa darduma ba wuya.

Dawakan Kissimmee

Idan matsalar harshe ce ta fi damun ku, akwai wata liyafar a wajen Disney da ta kauce mata. Medieval Times yana garin Kissimmee a kan titin 192, tafiyar minti 20 zuwa 30 a mota daga Disney gwargwadon cunkoso. Asalinsa daga Sifen ne, kuma reshen Kissimmee da aka buɗe a 1983 shi ne na farko a Amurka. Gini ne mai siffar ganuwar sarakunan Turai na da, a ciki akwai fage mai yashi, 'yan kallo sama da dubu suna zagaye da shi a jere-jere. Ana raba jama'a kashi shida, kowane kashi da launinsa da bardensa, a ɗora wa kowa hular sarauta ta takarda. Barade su fito cikin sulke da kwalkwali, su yi sukuwa da masu, su sauka a gwabza da takubba har tartsatsi na tashi. Ana nuna dawakan Andalus masu horo suna taka rawa, a saki shaho ya kewaya saman fagen. Yaron da ya taɓa tsayawa a bakin hanya yana kallon hawan salla ba ya buƙatar tafinta a nan, da ya ga bardensa ya zaburo zai miƙe yana ihu. Akwai labari da ake yi da Turanci tsakanin sarauniya da fadawanta, amma ko ba a ji ko kalma ɗaya ba, an san wa ya kayar da wa.

Abincin ma ya fi sauƙin sha'ani. Miyar tumatir ce da burodi mai tafarnuwa, da rabin gasasshiyar kaza, da masara, da dankali, da ɗan kayan zaƙi, kuma da hannu ake ci, ba cokali. Akwai kwanon marasa cin nama idan an nema. Giya sayar da ita ake yi daban, saboda haka ba ku biya kuɗin abin da ba ku sha ba. Farashin yara ya kai har ɗan shekara 12, wanda ke nufin a iyalin da muka yi misali da su, ɗan shekara 11 ya koma layin yara. Tambayar yankan kaza dai tana nan yadda take.

Shi ma yana da nasa. Kuɗin da aka rubuta bai haɗa da haraji da tukuici ba, kuma tun daga bakin ƙofa ake tallar takubban roba da tutoci da hotuna, mai yara huɗu zai sha roƙo. Kwano ɗaya ne, ba a ƙarowa. Ana cin abinci cikin duhu-duhu, kowa yana fuskantar fage a kan dogon benci, ba zaman iyali ne na fuska da fuska ba. Akwai ƙarar ƙarfe da hayaƙi da walƙiyar fitilu, ɗan shekara biyu ko uku yana iya tsorata. Mai asma ko wanda ƙurar doki ke tayar wa da mura ya yi hattara, fagen a rufe yake. Kuma dole sai da mota, bas ɗin Disney ba ya zuwa can.

Ta ɓangaren Universal, wani kamfanin filayen wasa a Orlando, akwai Wantilan Luau a masaukin Royal Pacific, liyafar mutanen tsibiran Pasifik da rawar wuta. Abin alfaharin teburinta gasasshen alade ne sukutum, giya na cikin kuɗin, shigar masu rawa kuma ba ta rufe jiki sosai. Ga yawancin gidajenmu ba sai an daɗe ana tunani a kanta ba.

Idan yaran ƙanana ne

Ɗan shekara uku zuwa shida ba barkwanci ya zo nema ba, ba kuma yaƙin barade ba. Mickey ya zo gani. A nan abin da ake kira cin abinci da 'yan tsana ya fi kowace liyafa. A Chef Mickey's, cikin masaukin Contemporary, Mickey da Minnie da Donald da Goofy da Pluto suna zagayowa teburi-teburi, su rungumi yaro, a ɗauki hoto, ba tare da an tsaya dogon layi cikin rana ba. Jirgin nan mai tafiya a kan dogo ɗaya yana ratsa cikin ginin ta sama, kuma daga ƙofar Magic Kingdom da ƙafa ma ana isa cikin kimanin minti goma. Abincin zaɓi-da-kanka ne, ana ganin kifi da taliya da ganye da 'ya'yan itace, mutum ya ɗebi abin da ya yarda da shi ya bar saura. Idan jariri ya fara kuka sai a tashi a fita a dawo, ba abin da ya wuce ku. A zauren wasa kuwa duk mintin da uwa ta yi a waje tana rarrashi, ya tafi ke nan.

Kada dai a ɗauka ya fi araha. Abincin dare a can ya haura dala 60 ga babba, sannan a ɗora harajin kashi 6.5 cikin ɗari, da tukuicin kashi 18 da ake sakawa kai tsaye idan kun kai mutum shida. Idan aka tara, yakan kamo Hoop-Dee-Doo ko ya wuce shi. Karin kumallo ya fi sauƙin kuɗi, kuma ƙwai da burodi da 'ya'yan itace sun fi sauƙin tantancewa, a dai kauce wa tiren naman alade da ba ya rabuwa da karin kumallon Amurka.

Akwai kuma wurin da nake ganin iyalanmu ba su cika sani ba. A masaukin Animal Kingdom Lodge akwai gidan abinci mai suna Sanaa, inda tagoginsa ke kallon filin da raƙuman dawa da jakunan dawa ke kiwo. Abincin na gabashin Afirka ne da ɗanɗanon Indiya, da burodi da miya iri-iri da kayan da ba nama masu yawa. Kowa abin da ya zaɓa yake biya, ba a buƙatar tikitin fili, ba hayaniya. A je da rana ko kafin faɗuwar rana, don da duhu ya yi ba a ganin dabbobin. Ga tafiyar da aka zo da tsofaffi, wannan ya fi musu zauren waƙa nesa ba kusa ba.

Hanyar da ba ta cin kuɗi

Abin da ya sa nake jinkirin cewa kowa ya biya kuɗin liyafa shi ne, rabin daɗin maraicen Fort Wilderness kyauta ne. Jirgin ruwan kyauta ne. Kusa da zauren akwai bargar Tri-Circle-D inda ake ajiye dawakan Disney, ana shiga a gani da rana. Da dare ana hura wuta a fili, 'yan tsanan Disney Chip da Dale su fito su yi wasa da yara, a nuna fim a sarari, ba a biyan ko sisi. Alewar nan fara mai laushi da ake gasawa a wutar dai yawancinta da sinadarin alade ake yi, sai a zo da mai shaidar halal daga waje. Bayan ƙarfe tara kuma jerin kwale-kwale masu fitilu, wanda ake yi tun 1971, yana wucewa ta gaban gaɓar tafkin.

Abinci kuwa, a unguwar Lake Buena Vista, 'yan mintuna daga Disney Springs, wato kasuwar Disney, akwai masallacin Islamic Center of Orlando a titin Ruby Lake, kuma kewayensa a kan titin Apopka-Vineland akwai gidajen abincin halal na 'yan Pakistan da Indiya da Larabawa. Iyali mai mutum shida za su ci shinkafa da nama su ƙoshi da abin da bai kai kuɗin liyafa ba, su yi salla cikin jam'i, sannan su wuce kallon da ba a biya. Wasannin dandamali masu kyau ma suna cikin tikitin da kuka riga kuka saya, kamar Festival of the Lion King a Animal Kingdom da Fantasmic a Hollywood Studios.

To wa Hoop-Dee-Doo ya dace da shi? A ganina, gidan da yaransu suka kai shekara shida zuwa sama kuma suna jin Turanci har su kama zolaya, waɗanda za su yi mako guda suna da ranar hutawa, waɗanda kazar wurin ba ta dame su ba ko sun samu tabbacin abin da za a ba su. Irin wannan gida zai fito yana dariya, domin 'yan wasan ƙwararru ne, kuma ba kasafai ake samun abin da uba da ɗan shekara goma sha uku da ɗan shekara bakwai za su yi wa dariya lokaci guda ba. Idan ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya faɗi, sai a auna. Idan biyu suka faɗi, ni ba zan biya ba. Gidan da yaransu ke son dawaki ko Turancin bai zauna ba, Kissimmee ta fi musu. Masu ƙanana su nemi teburin Mickey da safe. Masu kwana uku ko huɗu su zauna a filin da suka biya har a tashi, su ci abinci a waje.

Wanda ya yanke shawarar zuwa Hoop-Dee-Doo, ana buɗe kama wuri kwana 60 kafin ranar, wanda kuma ya sauka a masaukin Disney yana iya kama na duk kwanakin zamansa, har kwana goma, tun daga kwana 60 kafin ranar saukarsa. Teburan ƙasa su ne ke fara ƙarewa, musamman lokacin Kirsimeti da hutun bazara. Ana biyan kuɗin gaba ɗaya a lokacin kamawa, kuma sai an soke kafin wa'adin sokewa ya wuce ake mayar da shi. Saboda haka wanda bizarsa ba ta fito ba tukuna, ko ranar jirginsa ba ta tabbata ba, ya rubuta ranar sokewar a inda zai gani, kuma kada ya sa liyafar a daren farko ko na biyu da sauka.